Kwamfuta Da Shari'ar Diyyar Ma'aikata

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin Gwamnati, ko da na shekara guda ne, ya san nauyin maganar nan da akan gaya wa mai buƙata, watau "ba a ga fayil ɗinka ba." Ga ɗan kwangila, wannan magana jinkiri ce kurum, yakan tafi ya dawo. Ga lebura kuwa wanda injin ya datse wa yatsu a masana'anta, ko matar da mijinta ya faɗo daga saman gini ya bar mata 'ya'ya, ma'anarta ita ce tukunya ba za ta hau murhu ba, kuma kuɗin asibiti zai ci gaba da taruwa. Saboda haka duk wani shiri da zai hana takardun diyyar ma'aikata ɓacewa abin marhabin ne. Irin wannan shiri shi ne na aika rahoton haɗari da bayanin biyan diyya ta kwamfuta, wanda ƙasashe da dama suka kama, Nijeriya kuma ta doshi hanyarsa. Amma fa tilas ne a tsaya a duba abin da shirin yakan yi wa zaman sauraron ƙara, domin a nan ne ake rabuwa tsakanin wanda za a biya da wanda zai koma gida hannu banza.

Asalin dokar diyyar ma'aikata sulhu ne. A da, idan mutum ya ji ciwo wajen aiki, ba shi da hanya sai ya kai maigidansa ƙara ya tabbatar wa alƙali cewa sakacin maigidan ne ya jawo haɗarin, abin da talaka bai cika iyawa ba. Ƙasar Jamus ce ta fara sauya wannan a 1884, zamanin Bismarck, Ingila kuma ta biyo baya a 1897. Sulhun shi ne a biya ma'aikaci ba tare da an tambayi laifin wane ne ba, shi kuma ya haƙura da neman manyan kuɗaɗe a kotu. A Jihar Niyok ta Amurka, babbar kotun jihar ta soke dokar diyya ta farko ran 24 ga watan Maris 1911. Washegari, ran 25 ga wata, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, ta kashe ma'aikata 146, yawancinsu 'yan mata baƙi. Fushin da jama'a suka yi ya taimaka aka gyara tsarin mulkin jihar a 1913, sabuwar doka kuma ta fara aiki a 1914.

A Nijeriya, Turawan mulki sun kafa dokar diyya a 1941, Gwamnatin soja ta sake ta a 1987. Dokar 1987 ta ɗora biya a wuyan maigida kai tsaye: albashin wata 42 idan ma'aikaci ya mutu, na wata 54 idan ya nakasa gaba ɗaya. A watan Disamba 2010 ne aka sa hannu a kan dokar da ake aiki da ita yanzu. Ita wannan ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata, na Gwamnati ko mai zaman kansa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a cikin wani asusu da ke hannun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma an hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyon sana'a da ɗan aikin gida, ta kuma haɗa da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Wanda ya karanta dokar da natsuwa zai ga cewa kusan kome a cikinta a kan kwanan wata yake tsaye. Ma'aikaci zai sanar da maigidansa cikin kwana 14. Maigida zai kai rahoto ga Hukuma cikin kwana 7, idan kuwa mutuwa ce, nan take. Neman diyya cikin shekara ɗaya ne, sai in akwai uzuri na musamman, sa'an nan a kai shekara uku. Wanda hukuncin Hukuma bai gamsar da shi ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, ita ma an ba ta kwana 180 ta gama, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na uku ya ba ta ikon shari'un ƙwadago ita kaɗai. To, dokar da ta dogara ga ƙidayar kwanaki haka, ba abin da take buƙata kamar rajista mai gaskiya. Inda rajistar takarda ce, hatimin "an karɓa" yana aljihun tebur na akawu, kuma kowa ya san ana iya juya kwanan watan hatimi baya.

Jihar Niyok ɗin nan misali ce mai kyau ga mai son ganin yadda aikin kan kasance idan aka bar takarda. Daga 2013 zuwa 2014 Hukumar Diyyar Ma'aikata ta jihar ta wajabta wa kamfanonin inshora da manyan ma'aikatu masu biyan diyya da kansu su daina aika mata fom na takarda, su koma wani tsari da ta sa wa suna eClaims. Tsarin yana bin ƙa'idojin wata tsohuwar ƙungiya ta hukumomin diyya mai suna IAIABC, wadda aka kafa a 1914, ƙa'idojin da jihohin Amurka da yawa suke amfani da su. Rahoto iri biyu ne. Akwai rahoton farko, mai faɗin wanda ya ji ciwo, da ranar, da wurin, da irin raunin. Sa'an nan akwai rahotannin da ke biyo baya, waɗanda ake aikawa duk lokacin da wani abu ya faru a kan maganar: an fara biya, an rage, an ƙara, an dakatar, ko kuwa an ƙi amincewa da neman gaba ɗaya.

Kowane rahoto gurabe ne da ake cikewa, yawancinsu da lambobi. Sashen jikin da ya ji rauni yana da lambarsa, irin raunin yana da tasa, haka ma musabbabinsa, haka kuma dalilin ƙin biya. Da zarar rahoto ya shiga, kwamfutar Hukuma takan tantance shi ta mayar da amsa, ko an karɓa ko an ƙi. Idan an bar gurbin dole babu kome, ko kwanan wata ya saɓa wa wanda aka bayar a baya, ko aka aiko da rahoton dakatar da biya alhali ba a taɓa aiko da na fara biya ba, sai ta mayar da shi. Rahoton da aka mayar kuwa, tamkar ba a aiko shi ba ne.

Amfanin wannan a wurin shari'a ba ƙarami ba ne. Na farko, gardama a kan "yaushe" ta ragu ƙwarai. A dokar Niyok, kamfanin inshora da bai bayyana ƙin amincewarsa ba cikin kwana 25 bayan Hukuma ta sanar da shi ta buɗe fayil, yakan rasa damar musanta wasu muhimman abubuwa, kamar cewa mutumin ba ma'aikacinsu ba ne, ko haɗarin bai auku a bakin aiki ba. A zamanin takarda ana iya shafe zama guda ana jayayya a kan ranar da aka jefa wasiƙa a gidan waya. Yanzu alƙali yakan duba allo ya ga ranar da rahoton ya shiga. Na biyu, tun da tilas ne mai ƙin biya ya zaɓi dalilinsa tun farko, ma'aikaci da lauyansa sukan zo zama sun san abin da za su kare, ba a yi musu ba-zata. Na uku, tarihin biya duka yana wuri ɗaya, mako nawa aka biya, nawa aka tsallake, don haka ba a ɗage zama domin a je a nemo rasit. Bugu da ƙari, Hukumar ta sami hanyar auna kamfanonin da suka saba jinkirta biyan farko, ta ci su tara, ba sai wani talaka ya kawo kuka ba. Kuma da yake fayiloli sun riga sun koma kwamfuta, sa'ad da annobar korona ta rufe ofisoshi a watan Maris 2020, jihar ta mayar da zamanta na shari'a ta bidiyo da tarho, aiki bai tsaya ba.

Wannan duka gaskiya ne, kuma ya isa hujja ga masu cewa a hanzarta. Sai dai wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, kuma amfanin bin bayan wani shi ne a ga inda ya yi tuntuɓe.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, wa yake shigar da bayanin? A Niyok kamfanin inshora ne, watau wanda kuɗi zai fita daga aljihunsa. A Nijeriya rahoton farko daga maigida yake fitowa, wanda shi ma yana da abin da yake gudu: kada a ce wurinsa ba shi da kariya, kada masu duba masana'antu su zo, kada a gane bai zuba kuɗin asusu ba, ko ya rage yawan albashin da ya bayyana. Ke nan fayil ɗin da alƙali zai fara buɗewa labarin ɓangare ɗaya ne, amma ya zo a jere cikin tsabta da lambobi da kwanan wata, ya yi kama da abin da ba shi da ɓangare. Ma'aikaci kuwa ya zo da bakinsa da tabonsa, da wata takardar asibiti da ta sha ninki a aljihu. Zuciyar ɗan Adam takan karkata ga abin da ya fi tsari, ko da ba shi ne ya fi gaskiya ba.

Abu na biyu shi ne ƙuncin gurbi. A ɗauki misalin lebura a wata masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai, wanda injin ya fizgi hannunsa, ya tsinke yatsu biyu, ya kuma goce masa kafaɗa sa'ad da yake ƙoƙarin ƙwacewa. Akawun kamfani ya ga jini a yatsu, sai ya zaɓi lambar "yatsa." Bayan wata shida kafaɗar ta ƙi ɗaguwa, mutumin ba ya iya ɗaukar buhu. Ranar zama sai a ce masa ai kafaɗa ba ta cikin rahoto, watakila a gida ya same ta. Kuskuren da aka yi cikin daƙiƙa biyar ya zama abin da zai shekara yana warwarewa. Lamarin ya fi muni ga cututtukan da aiki ke jawowa sannu a hankali, irin su kurumta daga ƙarar injuna, ko ciwon huhu daga ƙurar dutse da ta auduga, ko illar sinadarai ga masu aikin jima a Challawa. Irin waɗannan ba su da ranar haɗari guda da za a rubuta, alhali kwamfuta ba ta barin gurbin kwanan wata fayau. Duk ranar da akawu ya ga dama ya cike gurbin da ita, daga ita za a fara ƙidayar shekara ɗayan nan ta neman diyya.

Abu na uku, rahoton da kwamfuta ta mayar. A ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa, intanet kuma ke yankewa, sunan mutum guda yakan fito iri uku a takardu uku: Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a rajistar albashi. Ma'aikatan Gwamnati ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka fara a 2007, ya tona asirin ma'aikatan bogi, amma kuma ma'aikata na gaskiya sun sha zirga-zirga zuwa Abuja saboda kuskuren suna ko lamba, kuma takaddamar da aka daɗe ana yi da malaman jami'a ta sa Majalisar Zartarwa ta amince a watan Disamba 2023 a fitar da manyan makarantu daga cikinsa. Mai albashi da lafiyarsa ma ya ji jiki, balle wanda ke kwance da karaya. Idan rahoton maigida ya faɗi saboda harafi guda, laifin ba na ma'aikaci ba ne, kuma bai kamata agogon doka ya ci gaba da tafiya a kansa ba.

Abu na huɗu shi ne mafi haɗari, watau ɗaukar maganar kwamfuta tamkar yankan wuƙa. Abin da ya faru a Ingila ya isa gargaɗi. Hukumar gidan waya ta ƙasar ta kawo wani tsarin lissafi mai suna Horizon a 1999. Tsarin ya riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan gidajen waya inda ba a saci kome ba. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da waɗannan gidaje fiye da 900, wasu aka ɗaure su, wasu suka tsiyace, saboda kotuna sun ɗauka na'ura ba ta kuskure. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar tsarin yana da kurakurai, a watan Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a zama guda, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman don soke sauran hukunce-hukuncen. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, bisa sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai, a kuma kawo takardar shaida daga wanda ke kula da ita. Sharaɗi ne mai kyau, amma mai sa hannu a takardar shi ne mai na'urar. A nan kuwa akwai wani bambanci tsakanin Nijeriya da Niyok da bai kamata a manta ba. Can, kamfanin inshora ne ke biya, Hukuma kuma ita ce mai raba gardama. Nan, hukuma guda ce ke tara kuɗi, ta yanke hukuncin farko, ta biya, ta kuma saurari ƙorafin farko a kan hukuncin nata. Yanzu da ta kama shirin mayar da ayyukanta kan kwamfuta, wanda ta kira e-NSITF, ita ce kuma za ta riƙe rajistar. Wannan ba zargi ba ne a kan kowa. Tsari ne da ke buƙatar ido daga waje, komai amincin mutanen da ke cikinsa.

Har ila yau, akwai abin da kwamfuta ba za ta taɓa gani ba, watau haɗarin da ba a kawo rahotonsa ba sam. Yawancin masu aikin ƙarfi a ƙasar nan, magina da masu dako da masu fasa dutse da yaran gareji, ba su cikin rajistar kowa. Mutum yakan ji ciwo, a kai shi kemis, a ba shi 'yan kuɗi, a sallame shi, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan alƙaluman kwamfuta suka nuna haɗari kaɗan ne a wata jiha, mai tsara manufa zai iya ɗauka lafiya ce ta yi yawa, alhali shiru ne ya yi yawa.

Ba a ce a koma wa fayil mai ƙura da masinja ba. Abin da ake bukata shi ne a gina shirin tun daga tushe yadda zai yi wa mai rauni aiki. Da farko, duk rahoton da maigida ya shigar, a aika wa ma'aikaci ko magadansa kofinsa, a takarda da kuma saƙon wayar hannu, cikin harshen da suke ji, a ba su wa'adi su ce ga inda aka yi kuskure. A Niyok ma, inda kusan kowa ke karatu, ba a daina aika wa mai neman diyya takardar ƙin biya ba. Na biyu, ma'aikaci da ƙungiyarsa da asibitin da ya duba shi su sami ƙofar shigar da nasu rahoton kai tsaye, kada sai ta hannun maigida. Na uku, a bar fili a fom inda za a rubuta yadda abin ya faru da kalmomin mai raunin, kuma idan lamba ta saɓa wa bayanin likita, a bi likita. Na huɗu, kada a goge kome: duk gyaran da aka yi a fayil ya nuna wanda ya yi shi da ranar da abin da ke wurin a da, kuma kotu da lauyan ma'aikaci su iya ganin wannan. Na biyar, ranar da aka fara aiko da rahoto ita ce za a ƙidaya, ko da an mayar da shi don gyara. Na shida, tun da bayanin lafiyar mutane ne ake tarawa, a kiyaye shi bisa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kada ya zama hanyar da kamfanoni za su riƙa gano wanda ya taɓa neman diyya su hana shi aiki.

Su kuma alƙalan Kotun Ma'aikata, dokar kotun ta 2006 ta ba su damar kauce wa tsaurin dokar shaida idan adalci ya buƙaci haka. Wannan dama ce da ya dace su yi amfani da ita wajen sauraron mutumin da ke gabansu, su dubi hannunsa, su kira abokan aikinsa, kafin su dogara ga abin da ke kan allo. Majalisar Ƙasa kuwa, wadda ake ta kawo mata batun gyaran dokar 2010, ya kamata ta rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikin doka, kada a bar su a hannun ɗan kwangilar da zai haɗa na'ura. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗalibai masu karatun lauya da na kimiyyar kwamfuta su ne za su gaji wannan aiki, kuma zai yi kyau tun yanzu kowane ɓangare ya koyi wani abu daga ɗan'uwansa, domin gurbin da mai tsara kwamfuta ya manta bai sa ba, haƙƙi ne da lauya zai sha wahalar ƙwatowa. Ma'aikacin Gwamnati kuma, ko akawu ne ko Babban Sakatare, ya tuna dokar nan ta shafe shi, haɗarin mota a hanyar ofis ba ya tambayar matakin albashi. Ya dace ya tambayi ma'aikatarsa ko tana zuba kashi ɗayan nan, ya kuma duba ko sunansa daidai yake a rajista, tun yana da lafiyar da zai yi tambayar.